Wa ake ɗora wa laifi idan motoci suka yi karo a tseren Formula 1?

Malam, ka tambaya me ya sa a tseren Silverstone na Ingila a 2021 aka ci Hamilton tarar daƙiƙa 10 kacal, alhali da motocinsu suka yi karo Verstappen ya daki shinge har aka kai shi asibiti, Hamilton kuma ya lashe tseren. Mu ma a gidan kallon da muka gani a nan Jos saura kaɗan a ba hammata iska.

Alƙalan FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ba girman ɓarna suke aunawa ba, abin da direba ya aikata suke dubawa. Ba kamar a Terminus na cikin garin Jos ba, inda wanda motarsa ta fi lotsewa shi ne mai gaskiya. Sukan zauna da bidiyo da bayanan kwamfutar mota: yaushe ya taka birki, ina hancin motarsa yake lokacin shan kwana, ya bar wa abokin karawarsa fili ko ya matse shi. Cikin alƙalan har da tsohon direban tsere. A kwanar Copse ta Silverstone, inda aka yi karon, cewa suka yi Hamilton ya fi laifi, ba wai laifinsa ne shi kaɗai ba.

A tseren Monza na Italiya a 2021 kuwa, da motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, Verstappen aka mayar baya gurbi 3 a layin fara tseren Rasha da ya biyo baya.

Akwai kuma makin laifi da ake rubuta wa direba a lasisi. Ya tara 12 cikin wata 12, sai a dakatar da shi tsere ɗaya, kamar yadda Magnussen ya rasa na Baku a 2024. Ni dai har gobe ina ganin daƙiƙa 10 ɗin nan ta yi kaɗan.