Abokin Dillancinmu Ya Dawo Bayan Wata Bakwai: Me Za Mu Mayar Masa, Me Za Mu Saya Masa?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege: "Assalamu alaikum. Mu shida ne muke dillancin kaya ta intanet, kowa ya tallata linkinsa, wato adireshin intanet da kamfani ya ba shi, in an saya ta nan ya ci la'ada, ni nake jan ragamar tafiyar. Ɗayanmu ya tafi gida jinyar mahaifinsa, ya yi wata bakwai babu oda ko guda, a wata ukun ƙarshe ma ko waya ba ya ɗauka. Yanzu ya dawo Legas yana son komawa aiki. Yana bin mu N46,000 na la'adar da ta fito bayan tafiyarsa, kwastomominsa kuma mun raba wa mutum biyu. Wasu sun ce a ɗauke shi kamar sabon shiga, wasu sun ce mu yi karo-karo mu saya masa waya da data. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ba su ne farko ba. Farko ka taka da ƙafarka ka je inda ya sauka, ka yi masa ya mai jiki, ko ta'aziyya in ta Allah ta kasance, kuma ka je da kuɗinsa. N46,000 ɗin nan haƙƙinsa ne tun ranar da kamfani ya biya, ko ya dawo aiki ko bai dawo ba. Kada ka ɗaura masa sharaɗi a kai, kada ka ce za a riƙe rabi sai an ga ƙoƙarinsa. Ka tafi da lissafin a rubuce: oda kaza, ranar kaza, la'ada kaza, waɗanda mai saye ya fasa ko ya mayar da kaya an soke su. Ka nuna masa hoton shafin lissafin kamfanin ya gani da idonsa, domin mutumin da ya yi nisa yakan ƙirga duk odar da ya san ya kawo, ya manta cewa wadda aka ƙi karɓa a ƙofar gida ba ta da la'ada. Galibin rigimar da ke raba irin wannan tafiya daga nan take tashi, a kan ƙaramin kuɗin da ba a zauna an warware ba.

Maganar aiki kuwa ka bar ta sai zama na biyu. A ranar ku zauna da wayarsa a hannu, ku bi abubuwan da wata bakwai ke kashewa ba tare da an sani ba.

Layinsa shi ne kan gaba. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi kira, ba a tura saƙo, ba a sa kati ba, kamfani na iya dakatar da shi, in aka ƙara barinsa kuma a ba wani lambar. Idan har lambar ta koma hannun baƙo, to lambobin sirrin da banki da kamfanin dillanci ke turowa wurin baƙon za su riƙa zuwa, kuma tsofaffin kwastomomi shi za su riƙa kira. Ku gwada layin, ku tabbatar har yanzu yana haɗe da NIN ɗinsa. WhatsApp ma yana goge asusun da ya kwana 120 ba a hau intanet da shi ba. In haka ta faru, ya fita daga duk guruf ɗin da yake ciki, jerin mutanen da yake tura wa saƙon bai-ɗaya kuma sai ya sake haɗawa. Ku tuna jerin nan mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarsa. Wanda ya sauya layi, duk wannan wahalar daga tushe zai faro ta.

Sai asusun banki. A tsarin Babban Bankin Najeriya, asusun da mai shi bai taɓa ba daga wata shida zuwa shekara ana lissafa shi a matsayin wanda ba ya aiki, in ya cika shekara kuma ya zama kwantacce, sai an je da shaida kafin a tashe shi. Ka tura masa N500 ka ga alat ya shigo, shi kuma ya tura maka N100. Sannan ya duba cewa sunan da ke kan asusun bankin, ko na OPay ko Moniepoint in da shi yake karɓa, ya yi daidai da sunan da ya yi rajista da shi a kamfanin dillancin. Saɓanin suna yana riƙe kuɗi makonni.

Abin da ya fi cinye lokacin wanda ya dawo shi ne tsohon linki. Zai buɗe wayarsa ya ga tallace-tallacen da suka kawo masa kuɗi a bara, ya sake ɗora su a sitatus yadda suke. Farashi ya tashi, kayan sun ƙare a rumbun mai sayarwa, wani linkin ma shafin da babu komai yake kaiwa. Mai saye ya ga N18,000 a talla ya tarar da N27,000 a shafi, daga ranar ya daina yarda da shi. Don haka ya shiga asusunsa na kamfanin ya ga ko yana nan a buɗe, ya karanta sharuɗɗa da kason la'ada na yanzu, ya ciro sabon linki ga kowane kaya, ya danna shi daga wayar wani ya ga inda ya kai. Kowane kamfani da nasa wa'adin. A Amazon, misali, sabon asusun da bai kawo ciniki uku cikin kwana 180 ba rufe shi ake yi, kuma dannawar mai saye awa 24 kawai take lissafuwa ga dillali. A yawancin tsare-tsare, linkin da aka danna a ƙarshe shi ke cin la'ada. Wannan ya isa ya fahimtar da shi dalilin da ya sa cinikin da kwastomansa ya yi a bayan idonsa ta linkin wani ba nasa ba ne. Kuma a gargaɗe shi kada ya sayi kaya ta linkinsa don ya nuna ya motsa. Kamfanoni suna gano wannan, hukuncinsa soke la'ada ne ko rufe asusu.

Yanzu batun kwastomomi, wanda shi ne mai zafi. Mutum biyun nan sun yi wata bakwai suna amsa waya, suna bin mai babur ya kai kaya Ogba ko Abule Egba, suna shan faɗan wanda aka kawo wa launin da bai zaɓa ba. Ƙwace musu gaba ɗaya zalunci ne, hana shi komai ma haka. Abin da muka ga ya fi zama lafiya: duk kwastoman da ya yi saye a hannun sabon mai kula da shi cikin wata ukun da suka wuce ya zauna a can. Waɗanda suka yi shiru tun tafiyarsa su koma wurinsa, don dama shi suka sani, kuma da tsohuwar zuma ake magani. In akwai babban kwastoma guda da kowa ke so, a raba la'adarsa na wata biyu, kashi 70 ga mai riƙe da shi, 30 ga wanda ya kawo shi tun asali, daga nan a tambayi kwastoman wa ya fi so. Lambobin mutane kuma kada a riƙa zuba su a guruf kamar gyaɗa. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, ko babu doka ma amana ce.

Makullai a hankali ake mayarwa. Ranar farko a sa shi a guruf a matsayin mamba. Shafin Facebook ko Instagram na tafiyar, a ba shi damar ɗora talla da amsa saƙo, ba cikakken iko ba, kuɗin talla da kalmar sirrin babban asusu kuma sai bayan wata guda. Ba zargi ba ne, ka gaya masa haka ƙarara. Wayar da ta yi wata bakwai tana yawo tsakanin asibiti da shagon caji, ba a san hannun da ya taɓa ta ba. Ya sauya kalmar sirrinsa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. In ma kun bar masa iko a shafi duk tsawon tafiyarsa, ku gyara yau. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, me za a saya masa? Data ta wata guda, kyauta, daga aljihun tafiyar. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda jinya ta tatse. Waya kuwa kada a saya sai tasa ta mutu da gaske. In ta mutu, a ba shi rance marar ruwa, a rubuta da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, a riƙa cire rubu'in kowace la'ada har ya biya. Karo-karon kyauta yana da daɗin ji ranar da aka yi shi, amma in ya yi wata biyu bai kawo oda ba, waɗanda suka ba da kuɗin za su fara ƙirga masa kwanaki, shi kuma kunya ta sa ya sake ɓacewa. Tallan kuɗi a Facebook ma a dakata. Ana ɗora masa harajin kashi 7.5, kuma wanda bai san abin da ke tafiya a kasuwa yanzu ba ƙona kuɗin kawai zai yi.

A watan farko a ba shi kaya biyu ko uku kacal, irin waɗanda ya saba da su. Makon farko gaisuwa zai yi: mutum goma a rana, kowa da sunansa, da muryarsa in zai yiwu, ba tare da linki ba. Wanda ya yi shiru wata bakwai ya dawo da talla ga mutum ɗari a dare ɗaya, toshe shi za a yi, in masu kai ƙara suka yi yawa kuma WhatsApp ya rufe lambar. Mako na biyu ya fara sitatus. Ku sa ma'aunin da yake hannunsa, wato yawan mutanen da ya tuntuɓa da waɗanda suka amsa, ba adadin ciniki ba. In kuna son ya ci kasuwar rangwamen Nuwamba da su Jumia da Konga ke yi, tun Satumba ya kamata ya fara, ba a fafe gora ranar tafiya. Sanarwa a guruf kuma kai za ka yi ta, layi biyu: ɗan'uwanmu ya dawo, ga kayan da zai riƙe, a taya shi da addu'a. Dalilin tafiyarsa shi ke da ikon faɗa.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta ce ta je gida wankan jego, ta dawo tana son ci gaba da tallan kayan kicin da turaruka. Wayarta ta cika, kuɗin hannunta kuma abu ɗaya za su iya: ko waya, ko wani kwas da aka ce mata dole ne. In waya ce, sabuwa ƙarama ko ta hannu babba?

Barka da arziki, Hajiya, Allah ya raya. Waya za ki saya. Abin da ya sauya a bayanki farashi ne da sharuɗɗan kamfani, waɗannan kuwa kyauta suke a shafinsu, sauran kuma abokiyar aiki za ta nuna miki a zama ɗaya. Ki nemi mai ram giga 4, ma'ajiya giga 64, in da hali 128, domin hotuna da bidiyon kaya su ne suka cika miki ta farko. Sabuwar Tecno, Infinix ko itel tana zuwa da garantin shekara, ga mai goyo da ba ta da lokacin zaryar gyara wannan ya fi kyamara mai kyau muhimmanci. In ta hannu kika zaɓa, ki je Computer Village a Ikeja da wanda ya san waya, ku shiga shago, kada ku saya a hannun masu tare mutane a bakin titi. Ki danna *#06# ki ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a rubuta ta a rasit mai sunan shagon. A goge wayar gaba ɗaya a gabanki a sake kunna ta. In ta nemi asusun Google na tsohon mai ita, ki ajiye musu kayansu. Ki sa layinki a ramukan biyu, ki naɗi murya ki saurara, ki jona caja ki motsa wayar cajar ki ga ko yana yankewa. Wayar biya kaɗan-kaɗan kuma kulle ta ake yi daga nesa in an saɓa ranar biya, la'ada kuwa ba ta da ranar shigowa. Kafin ki bar tsohuwar wayar ki adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive, a nan tarihin kwastomominki yake.

Na ƙarshe, wani matashi mai aiki a kasuwar Mile 12: tsohuwar ƙungiyarsa tana kiransa ya dawo, amma sai ya biya N25,000 na farfaɗo da matsayinsa, ya kuma kawo mutum biyu.

Ɗan'uwa, ka tambaye su abu ɗaya: wane kaya ake sayarwa, kuma wa ke saye ban da 'yan cikin ƙungiyar? Dillanci, ko a kara ko a intanet, la'adarsa daga cinikin kaya take fitowa. Akwai dandalin gaskiya da ke karɓar kuɗin rajista na shekara, amma kuɗin a rubuce yake a shafinsu, asusun kamfani ake biya ba na wani mutum ba, kuma ba a ɗaure cin la'adarka da kawo mutane. Inda ribar wanda ke sama take fitowa daga kuɗin shigar wanda ke ƙasa, wannan shi ne tsarin da ya cinye dukiyar jama'a a MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025, kuma dokar hannayen jari ta 2025 ta mayar da shi laifin ɗauri. Takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da za su nuna maka rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗin mutane ba. In kana bin su tsohuwar la'ada, ka ce su fara biyanka ita, ka ga amsar da za su ba ka kafin ka fitar da ko sisi.