Amsa kan ziyartar tsofaffin mashayun Landan

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka sun gayyace ka zagayen tsofaffin mashayun Landan domin ɗanɗana real ale, kuma kana son sanin mece ce ita da yadda ake gudanar da zaman.

Da farko, giya ce mai sa maye, ba lemo ba. Ƙarfinta yakan kai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Abin da ya bambanta ta shi ne ba a tace yis ɗinta, tana ci gaba da nuna cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusan yadda burkutu ke yi a tukunya, sannan a jawo ta da famfon hannu. Shi ya sa ba ta da sanyin firij, kuma kumfarta kaɗan ce. Ƙungiyar CAMRA mai fafutukar kare irin wannan giya, wadda aka kafa a 1971, ita ta fito da sunan real ale. Idan kun bi titin Fleet, ku leƙa mashayar Ye Olde Cheshire Cheese, wadda aka sake ginawa bayan gobarar Landan ta 1666, ko don ginin kaɗai.

Kuskuren baƙo shi ne zama a tebur yana jiran a zo masa. A kantar mashayar ake saye, a biya nan take. Cikakken kofi mililita 568 ne, don haka nemi rabi, domin al'adar kowa ya saya wa jama'a bi da bi tana sa mutum ya zarce ƙima. Idan ba ka sha, ka faɗa tun farko ka karɓi lemo, babu wanda zai ga baikenka. Idan kuma kana shan magani, ko kana da ciwon suga ko na hanta, ka fara tuntuɓar likita.