Amsa: Wane kiɗa za a sa da Sallah ban da na finafinai?

Kana neman kiɗan da za ka sa ranar Sallah wanda ba kowa ke sawa ba. Nemi amada, kiɗan ƙwaryar mata irin na Barmani Choge ta Funtuwa. Ana kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban mazubi ana dukan ta, shi ya sa sautin ke fita da kauri. Bayan an ci tuwon Sallah, koma kan kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya tal.

Sai dai yawancin waƙoƙin nan daga tsofaffin kaset aka kwafo su, don haka rage bes, wato kaurin sauti, a sifika. In ka ƙure shi, kuntigin zai nutse, sai gunji. Amada kuma ka fara saurara kai kaɗai, wani baitin ba na gaban surukai ba ne.