Takobin Gado Ya Kama Tsatsa, Dillali Ya Ce Na Zamanin Sarauniya Amina Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Takobin kakanmu ne ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinmu. Miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, da kwarmi uku a tsakiyar ruwansa, da tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuska. Bayan damina na zare shi sai na tarar jar tsatsa ta kama shi. Wani dillali ya ce na zamanin Sarauniya Amina ne, in an goge ya yi ƙyalli zai kawo mai saye da kuɗi masu kauri. Ƙanena ya matsa a kai wa mai injin wasa wuƙa, wani kuma ya ce a jiƙa shi a ruwan batir. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron kada amanar gidanmu ta lalace a hannuna. Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa Aljanna ce makoma. Kafin komai, Malam, ka raba takobin da kubensa yau ɗin nan, kuma kada ya je ko kusa da injin wasa.

Batun Amina ba zai ɗauke mu lokaci ba. Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16. Macen da ba a ma daidaita a kan ƙarninta ba, ta ina dillali ya gane takobin dakarunta da kallo ɗaya? Abin da littafin ya faɗa game da makamai a wancan zamani shi ne Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Bai siffanta takobin kowa ba. Ko takobin da ake dangantawa da Bayajidda a Daura, darajarsa daga riwayar fada ta zo da kuma hannun da ya gaje shi, ba daga wani tambari a jikin ƙarfe ba.

Siffar da ka bayar ta takobin da Hausawa da Buzaye da Filani suka daɗe suna ratayawa ce. Da yawa daga ruwan irin waɗannan takubba daga Turai aka ƙero su, musamman garin Solingen na Jamus, su ƙetaro Sahara a bayan raƙuma, a nan a yi musu ƙota da kube. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwar a shekara. Ka ga ke nan mafi rinjayen zato shi ne naku na ƙarni na 18 ne ko na 19, zamanin jihadi da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya har zuwan Turawa a 1903. Jinjirin watan kuma ba shaidar shekaru ba ne shi kaɗai, domin maƙeranmu sun riƙa kwaikwayonsa a kan abin da suka ƙera, tun da mai saye shi yake nema. Na asali da hatimi aka buga shi, gefensa a tsaftace, biyun kuma iri ɗaya sak. Na kwaikwayo sau da yawa da kurfi aka sassaƙa, za ka ga fuskar ta karkace. Sannan ruwa da ƙota ba lalle su zama sa'anni ba, ana sake ƙota sau biyu ko uku a kan ruwa ɗaya.

Yanzu ga inda ɓarnar take. Mutanenmu sun ɗauka tsohon takobi sai ya yi fari fes yake da daraja, kuma wannan fahimta ta hallaka kayan tarihi fiye da yadda tsatsa ta taɓa yi. Tsatsa tana cin shekaru kafin ta ci ƙarfe, inji kuwa minti biyar ya ishe shi. Zurfin tambarin nan bai kai milimita ɗaya ba. Da an ɗora dutsen wasa ya tafi, gefen kwarmin ya zube, alamun gyaran kaifi da mayaƙa suka yi da hannu su ma sun tafi, to da me masani zai karanta shekarunsa? Ƙari a kan haka inji yana ɗumama ƙarfe. In ka ga bakin ya koma shuɗi-shuɗi, ƙarfin da maƙeri ya ba shi da wuta da ruwa ya saki a wurin, kuma ba mai mayar da shi sai an sake sa shi a wuta, wanda hakan kashe shi ne gaba ɗaya.

Ruwan batir ya fi muni. Ba ya bambance tsatsa da ƙarfe mai lafiya, yana shiga ramukan da tsatsa ta yi ya zauna, ya gangara ƙarƙashin ƙota inda tsumma ba ya kaiwa. Za a miƙo maka shi fari, bayan kwana kaɗan ya fito da jar tsatsa ta ko'ina, fuskarsa ta yi rami-rami. Ga ƙona hannu, ga makantarwa in ya fantsama. Lemun tsami da toka, da ruwan tsamiya, da samfefa, duk 'yan gida ɗaya ne, saurin ɓarnarsu ne ya bambanta. Kullum sai an ji wani ya ce ai haka ake wanke tukunya. To tukunya ce a gabanka? Shi kuma dillalin da ya ce a goge, ɗayan biyu ne: ko bai san kayan ba, ko yana so ka lalata da hannunka ya karya farashi. Mai sayen tsohon makami na gaskiya baƙin da ke jikinsa yake dubawa tun farko.

Ka bambance launi biyu. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, mai santsi, wanda ba ya kama tsumma, wannan ya riga ya mutu kuma kariya ce, a bar shi. Ja mai gari-gari da ke ɓata yatsa shi ne mai rai, shi kaɗai za ka yaƙa. Ka sami man keken ɗinki da tsohon farin tsumma na auduga. Ɗiga man a kan wurin ja, ka bar shi ya kwana, washegari ka share daga ƙota zuwa tsini, hannunka a bayan kaifi. Ka maimaita har tsumman ya daina fitowa ja, ko da zai ɗauki mako guda. Inda ta yi ɓawo, ka kankare a hankali da ɗan guntun ƙaho ko itace mai tauri, su ba sa karce ƙarfe. Kada ka taɓa shi da soson ƙarfe na wanke-wanke. Man gyaɗa da man ja da man shanu ma a'a, suna tsami su yi danƙo su jawo ƙura. Man da ka sa kada ya taɓa fatar ƙota. In akwai tagulla a gindinta ta yi kore, busasshen buroshi mai laushi ya wadatar.

Kube ne ya jawo maka wannan. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, kuma abin da ke cikin jimar yana cin ƙarfe in ya jiƙe, shi ya sa bayan ruwan Agusta ake ganin irin haka. Ka ajiye su dabam, takobin a kwance a kan katako busasshe nesa da bango da ƙasa, da shafin mai siriri. Leda ba ta dace ba, gumi take tarawa. Duk wanda ya taɓa ruwan takobin da yatsa a share wurin nan take, gishirin gumi yana barin sawu. Kada kuma a lanƙwasa shi don a gwada ingancinsa, ko a sari wani abu da shi don nuna wa baƙi. Ƙarfen da tsatsa ta yi wa rami daga ramin yake karyewa.

Batun sayarwa kuma akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai da hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da abin awo a gefe, da hoton tambarin kusa-kusa, ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano su duba. Hoton za ka fara kaiwa. In sun nemi ganin takobin ka je da shi da kanka, in zai kwana a ba ka takarda. Sannan ka zauna da dattawan gidanku ka rubuta sunan kakan, da sarautar da ya riƙe in akwai, da sarkin da ya yi wa barantaka, da wanda ya ba shi takobin, ka sa kwanan wata da sunan wanda ya faɗa maka, ka ajiye takardar tare da hotunan.