Ina zan samu mai gyara na amana a gidan hayata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu ya bar mana gidan haya mai ɗaki shida a Kano, ni kuma ina zaune a Kaduna. Sau biyu ina tura kuɗin gyaran rufi, amma 'yan haya na cewa har yanzu yana yoyo. Yaya zan yi in samu wanda zan amince wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Kada ki jira sai rufi ya fara zuba kafin ki nemi kafinta. Wanda aka kira a tsakiyar watan Agusta, ruwa na sauka kan katifar ɗan haya, shi ke yanka farashi, kuma liƙe kawai zai yi ya tafi. Lokacin duba kwano, indararo da sokawe shi ne Maris zuwa Afrilu, kafin ruwan farko.

Wajen nema kuwa, ni na fi yarda da masu sayar da kayan gini a kan kowane dillali. Ki tura ɗan'uwanki kasuwar Ƙofar Ruwa ya tambayi masu shago biyu ko uku wane kafinta ne suke ba kaya bashi hankalinsu kwance. Su ne suka san mai biya, suka kuma san mai cewa a ƙara masa kuɗi a rasit. In suna ɗaya ya fito daga baki biyu, a je a ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce, a yi magana da mai gidan. Sabon aiki kowa nasa na sheƙi.

Daga nan ki gwada shi da ƙaramin abu, ƙofa ko ɗaki ɗaya. Ki lura ko ya zo ranar da ya ce, ko ya dawo da ragowar kusa da canji.

Inda aka fi cutar masu gida na nesa shi ne jingar da ta haɗa kaya da kuɗin aiki a dunƙule. Ki raba su. Ya rubuto kayan da ake buƙata da adadinsu, naki ya saya, shi kuma a yi jingar hannunsa kawai, a rubuce, gaban shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A aikin rufi ki faɗa masa tun farko cewa za ki riƙe wani abu sai an yi ruwa mai ƙarfi an ga bai zuba ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi.

Wayarin kam ba na sassauci a kansa, domin rai ne. Ki nemi mai shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan wutar lantarki, ko takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Soket na son waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, fitila 1.5, wanda ya ja wa soket siririyar waya don rage kuɗi, gobara ya ajiye miki a sili.

Sannan ki jawo 'yan hayar jiki. Ki zaɓi dattijo ɗaya cikinsu ya riƙa turo miki hoto ta WhatsApp kafin aiki da bayansa, kuma kada ki tura cikon kuɗi sai ya ce an gama. In kika dace da na kirki, ki biya shi ranar da ya kammala, ki riƙe lambarsa, shi ma zai haɗa ki da birkila da mai gyaran famfo irinsa.