Tambayi Sista: Kwana uku da fara maganin ƙwaƙwalwa idon ƙanena ya kafe sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Sista, dan Allah ki taimaka mana da shawara. Ƙanena ne ɗan shekara 22, wata uku da suka wuce ya daina bacci, yana magana shi kaɗai, yana cewa wai wasu mutane na masa magana ta cikin silin kuma maƙwabta sun sa masa guba a abinci. An yi ruƙiyya an yi hayaƙi, daga ƙarshe muka kai shi asibiti aka rubuta masa haloperidol. Kwana uku da fara sha sai wuyansa ya karkace, idonsa ya kafe sama, harshe ya zazzalo yawu na zuba, wallahi mun zata tafiya zai yi. Gwaggonmu ta ce ai dama mutanen ɓoye ba sa son maganin asibiti shi ya sa suka tashi, Mama ta kwashe maganin ta zubar. Yanzu sati biyar kenan ciwon ya dawo har ya fi da, Baffa na cewa a kai shi gidan mari. Maganin ne ya ƙara birkita shi ko yaya? Daga wata ƴar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya ya ba ku ladan jinya. Tun kafin in yi nisa, dan girman Allah kar ku bari a kai yaron nan mari, ku maida shi asibiti a satin nan. Abin da kuka gani a rana ta uku ɗin nan ni da ire-irena da muka daɗe muna aikin nas a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa mun gan shi ba adadi, illar magani ce sananniya, tana da suna a littafi, kuma allura ɗaya ke warware ta cikin ƴan mintuna. Abin da ya fi min ciwo a wasiƙarki shi ne da alama ba wanda ya zaunar da ku ya gaya muku hakan na iya faruwa, alhali wannan bayanin aikinmu ne mu ma'aikatan jinya, kamata ya yi a ce kafin ku bar gaban tebur kun ji shi.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyi da ke aika wa juna saƙo, kuma da sinadarai suke aikawa, ɗaya daga ciki shi ne dofamin. A ciwo irin na ƙaninki, wanda likitoci ke kira schizophrenia, can wani sashe da ke tantance wa mutum abin da ya kamata ya kula da shi da abin da ba komai ba ne, saƙon dofamin ɗin sai ya yi yawa, to sai komai ya zama da ma'ana a wajensa, tarin maƙwabci ya zama da shi ake, motsin silin ya zama magana. Shi fa da gaske yake ji, ba iskanci ba ne ba kuma ƙarya yake ba. Haloperidol aikinsa ya je ya toshe ƙofofin da dofamin ke shiga, sai muryoyin su fara raguwa. Matsalar ita ce maganin bai san unguwa ba, duk inda ya ga ƙofar dofamin zai toshe, kuma akwai wata hanyar dofamin daban wadda ita ke daidaita motsin tsoka, wadda idan ta lalace a tsufa take kawo ciwon makyarkyata na Fakinsan. Da ya toshe wannan ɗin ne tsokar wuya da ta ido da ta harshe suka ɗaure. Ya fi samun samari maza, ya fi zuwa a kwanakin farko na fara magani ko in an ƙara yawansa, kin ga duk ƙaninki ya shiga ciki.

Idan ya sake faruwa a garzaya da shi asibiti kawai, kar a tsaya jiƙe-jiƙe ko a ɗura masa ruwa a baki, domin wani lokacin har tsokar maƙogwaro tana ɗaurewa numfashi ya yi wuya. Likita zai iya rage maganin, ko ya haɗa masa da Artane, maganin da ke sassauta ɗaurewar tsoka, na ɗan lokaci, ko ya canza zuwa irin su risperidone ko olanzapine da ba su cika yin haka ba. Amma fa Artane ɗin, wanda yaran unguwa suka fi sani da Exol, Mama ta riƙe shi a hannunta ta dinga ba shi da kanta, saboda ana shan sa don maye, na sha ganin abokai sun zo dubiya sun tafi da katin maganin gaba ɗaya. Su ma sababbin magungunan ba wai ba su da nasu ba, olanzapine na buɗe ciki sosai mutum ya yi ta ƙiba har ya kai ga ciwon suga, shi ya sa muke auna nauyi da suga da hawan jini lokaci-lokaci, risperidone kuma yana iya ɗauke wa mace al'ada ko ta ga ruwan nono alhali ba ta shayarwa, har namiji ƙirjinsa kan ɗan kumbura. Duk a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Akwai wata illa guda ɗaya da nake so ki rubuta ki ajiye, ba ya yawan faruwa amma yana kisa: zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare kamar itace, gumi, mutum ya rikice bai san inda yake ba. A wajenmu nan da an ga zazzaɓi sai a ce maleriya ce ko sanƙarau, a sayo magani a kemis a ci gaba da ba shi na ƙwaƙwalwar. Duk mai shan irin wannan magani da ya yi haka a tsayar da maganin a kai shi gaggawa, a kuma tafi da kwalin a nuna.

Maganar ruƙiyya kuwa ni ban taɓa hana kowa addu'a ba, a yi masa, a tofa, Alƙur'ani waraka ne, amma a haɗa da magani, kuma banda duka banda sasari. Wanda ya ga yadda ƙafar mutum ke ruɓewa a cikin mari ba zai so wa ɗansa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Kuma ki gaya wa Mama ba laifin tarbiyyarta ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ne ke da wannan ciwo a duniya, akwai gado a ciki amma gado kaɗai ba ya yanke hukunci, ko tagwaye masu kama ɗaya in ɗaya ya kamu kusan rabi ne kawai ɗayan ke kamuwa. Shan wiwi yana tayar da shi ƙwarai, ki bincika a hankali ba da faɗa ba. Daga Funtuwa Kaduna ba nisa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, akwai Dawanau a Kano, akwai ɓangaren a asibitin koyarwa na Zariya. In ya ƙi ƙwaya ku tambaya game da allurar da ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu.

TAMBAYA: Sista ina wuni, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, an tura mu ɓangaren ƙwaƙwalwa. Akwai wani bawan Allah mai ciwon nan da wani lokaci mutum zai yi ta zumuɗi ba bacci yana rabon kuɗi, wani lokaci kuma ya faɗa baƙin ciki, yana kan litiyam, ya tambaye ni ko zai iya azumi na rasa amsar da zan ba shi. Daga Birnin Kebbi.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kuma kin kyauta da ba ki ba shi amsar da ka ba. Litiyam gishiri ne, wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya fara gwada shi a kan masu wannan ciwo, ya wallafa sakamakon a 1949, kuma har yau yana cikin mafi inganci, har haɗarin kashe kai yana ragewa. Amma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke zama guba ƴar ƙarama ce, a jini ana so ya zauna wajen 0.6 zuwa 1.0, da ya haura 1.5 an fara shiga matsala. Hanta ba ta sarrafa shi, ƙoda ce ke fitar da shi, kuma ƙoda tana ɗaukar sa kamar gishirin abinci. To in jiki ya bushe, ƙoda sai ta fara riƙe gishiri da ruwa don ta ceci jikin, sai ta riƙe litiyam ɗin tare, awonsa ya hau alhali mutum bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Yanzu ki ɗauki mutumin da ke yini ba ruwa a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ko ya yi gudawa da amai, ko kansa ya yi ciwo ya sayi diclofenac ko ibuprofen, su ma suna hana ƙoda fitar da shi.

Abin da idonki zai dinga nema: rawar hannu mai ƙarfi ba ƴar ƙaramar da aka saba ba, tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, magana na sarƙewa, amai, gudawa, yawan gyangyaɗi. Kika ga haka kar ki ba da na gaba, ki kira likita a ɗebi jini. In za a auna kuma sai bayan awa 12 da shan na ƙarshe, a dinga duba ƙoda da maƙoƙo kamar duk wata shida. Banda maganin ma, shi wannan ciwo rashin bacci na tayar da shi, ga sahur ga sallar dare. Saboda haka hukuncin na likitansa ne tun kafin watan ya kama, wasu ana gyara musu lokacin sha su yi azuminsu lafiya, wasu kuwa gaskiya bai kamata ba, kuma Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya je wajen malami da bayanin likita a hannunsa.

TAMBAYA: Anti an ce ina da ciwon damuwa an ba ni fluoxetine, yau kwana goma ban ga wani sauƙi ba sai tashin zuciya, zan daina ne kawai. Kuma wai gaskiya ne wani sinadari ne ya ƙare min a kai? Daga Damagaram.

AMSA: Ƴata ki daure kar ki daina. Tashin zuciyar na farkon ne, yakan wuce cikin sati ɗaya ko biyu, ki dinga sha da safe bayan kin ci abinci. Sauƙin kuwa sai an yi sati biyu zuwa shida, kuma sau da yawa mutanen gida ne ke fara gani kafin ke. Batun sinadari, ana yawan cewa serotonin ne ya yi ƙasa, amma abin ya fi haka faɗi, maganin yana ƙara serotonin cikin awoyi kaɗan amma sauƙi sai bayan makonni, kin ga kenan jijiyoyin ne ke gyara kansu sannu a hankali. Ga gado, ga abin da rayuwa ta ɗora miki, ga rashin bacci, duk suna da hannu, shi ya sa zama da mai ba da shawara ke taimakawa tare da ƙwayar. Kin samu sauƙi ma ki ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne zai janye miki shi a hankali. In kika ji tunanin cutar da kanki yana zuwa, musamman a makonnin farko, a ranar ki gaya wa wani na kusa ku koma asibiti, kar ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.

TAMBAYA: Sista matata na shan sodium valproate shekara biyu, yanzu ta samu lafiya muna son haihuwa, ta daina sha ne? Daga wani magidanci a Gwambe.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ciki ya shiga. Wannan maganin, da ake bayarwa don farfaɗiya ko ciwon nan na zumuɗi da baƙin ciki, yana cikin mafi haɗari ga jariri, kusan 1 cikin 10 na jariran da uwa ta sha shi da cikinsu ana haifar su da nakasa, irin buɗaɗɗen ƙashin baya ko matsalar zuciya, kuma 30 zuwa 40 cikin 100 na samun jinkirin magana da koyo. Ƙashin bayan jariri yana haɗewa ne tun cikin sati huɗu na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Amma kar ta yanke shi dare ɗaya, ciwon zai iya dawowa da ƙarfi, in kuma don farfaɗiya take sha abin ya fi haɗari. Ku je tare wajen likitanta ku faɗi niyyarku, a canza mata zuwa wani a hankali, a fara ba ta folik asid tun yanzu, kuma ku ci gaba da tazarar haihuwa har sai ya ce an gama canjin. Bayan haihuwa ma a sa mata ido sosai a sati biyun farko, lokacin ne ciwon ya fi dawowa, a samu wadda za ta dinga karɓar jaririn da dare don maijego ta samu bacci.