Amsa: Yadda Kano Pillars ta zama babbar ƙungiya

Malam, ka tambayi yadda Pillars ta kai inda take, alhali mu nan Sakkwato muna da filin Giginya da Sokoto United amma shiru kake ji.

A 1990 aka kafa Pillars, ta hanyar haɗe ƙananan ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. A ganina sirrin yana nan, domin magoya baya da 'yan wasa sun taru wuri guda maimakon kowa ya ja nasa. Duk da haka sai da ta shekara 18 kafin ta ci gasar Firimiyar Najeriya a 2008, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Heartland ta Owerri ta cire ta. Daga nan ta ɗauki kofin Firimiyar sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, ga kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na Najeriya, a 2019. A nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, Rabi'u Ali kuwa ya zama ginshiƙin ƙungiyar.

Kada ka manta da 'yan kallo. Filin Sani Abacha cika yake yi maƙil ana "Sai Masu Gida", baƙi kuwa da ƙyar suke tsira da maki. Ko da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, shekara ɗaya ta yi ta dawo.

Mu kuwa, gidajen kallon Barcelona da Arsenal sun fi Giginya cika ranar wasa.